Gargaɗi kan masu sayar da oba-oba da sunan ba ta jin ruwa

Jama'ar Kaduna, musamman 'yan sintiri, mafarauta da matasan da ke haɗa ayari zuwa Dutsen Kufena a Zariya, tsaunin Kagoro ko Matsirga ta wajen Kafanchan, ku yi hattara. Tun da damina ta kankama wasu suka cika Facebook da WhatsApp da tallan rediyon oba-oba, wai ko cikin kogi ta faɗa ba abin da zai same ta. Damfara ce, kuma tana cin mutane.

Za ka ga bidiyo, an tsoma rediyo a bokiti, an ciro ta tana magana. Sai a ce ka tura kuɗi, za a sa maka kaya a mota daga tashar Kawo. Abin da zai iso hannunka ƙaramar rediyo ce ta yau da kullum, irin su UV-5R ko BF-888S, waɗanda dama ba a ƙera su don shiga ruwa ba. An dai manna musu takarda mai rubutun IP67, wato lambar da ke nuna na'ura tana jure ruwa. Ƙanena da abokan tafiyarsa sun yi karo-karo sun saya. Ruwan sama ɗaya ya dake su a hanya, murya ta soma shaƙewa, bayan kwanaki rediyoyin suka mutu. Da mai gyara ya buɗe ɗaya a gabana, cikinta duk ya yi kore da tsatsa, takardar kuwa da farce ya ɓare ta. Mai kayan ya ce su ne ba su iya riƙo ba, daga nan ya toshe lambarsu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Wanda ya hau dutse ko ya shiga daji inda babu sabis ɗin waya, da wannan rediyon yake dogara idan wani ya karye ko aka rabu da ayari. Kuma lokacin da hadari ya haɗo, a daidai lokacin ne za ta yi shiru.

Lambar IP ma'auni ne na duniya, ba ado ba. A IP67, lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuma na nufin na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP54 kuwa fantsamar ruwa kawai take jurewa. To tsomawar daƙiƙa biyar a bokiti ba ta tabbatar da komai. Ruwa na iya shiga rediyo ta ci gaba da aiki a ranar, sai tsatsa ta cinye ta a hankali, lokacin kuɗinka ya riga ya tafi.

Ka duba gefen rediyon, wurin da ake jona abin kunne. Idan ramuka biyu ne da ɗan murfin roba mai lilo, wannan ƙofar ruwa ce. Masu jure ruwa na gaske galibi murfin wurin da sukurori ake ɗaure shi. Ka cire batir ka ga ko akwai zoben roba da ya kewaye wurin haɗuwarsa. Lambar IP ta kasance a littafin da ya zo cikin kwali, da sunan samfurin da ya dace da na jikin rediyon. In mai kaya ya cika baki, ka ce ya tsoma wadda za ka biya ɗin, a gabanka, ta daɗe a ciki. Nan za ka ga ya fara kame-kame.

Akwai kuma masu sayar da wani feshi a gwangwani, wai ka fesa wa tsohuwar rediyonka ta zama mai jure ruwa. Feshi ba ya rufe ramukan lasifika da makirufo, in ma ya rufe to ya kashe maka murya.

In rediyonka ta gama-gari ce, saya mata jakar roba mai rufin matsewa, irin wadda ake iya magana ta cikinta. Ko ledar da bakinta ke zugewa ta fi takardar ƙarya. In ta jiƙe, cire batir nan take, kada ka kunna don gwaji, ka bar ta ta bushe sosai a inuwa mai iska kafin ka kai wa mai gyara.

Wanda aka riga aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi da hoton hirarsu, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙorafi ga 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Don Allah ku tura wa shugabannin sintirin unguwanninku, domin su ake yawan bi da tayin saye da yawa a farashi mai rahusa.