Manhajar fassara a harkar kifi, uku cikin biyar na ba ta

Masu tambayata wai ya manhajar fassarar nan take, wadda nake magana da kwastomomina na kudu da ita, to ga abin da na gani. Ni sana'ata banda ce da shinkafa a Argungu, turancina kuma na sakandare ne ya kwana biyu, in ɗan Legas ko Fatakwal ya turo saƙo a WhatsApp sai in kwafa in zuba mata ta mayar min Hausa, amsata kuma ta mayar mishi turanci.

Wajen ciniki gaskiya ba ta da laifi. Buhu nawa, kwali nawa, kuɗin mota, an ga alat ko ba a gani ba, duk tana kawowa daidai.

Amma da an bar lissafi an shiga zance sai ka riƙe baki. Na rubuta wa wani Inyamuri cewa akwai giwan ruwa manya, bawan Allah sai ya turo min hoton giwar daji da dariya, wai ita nake sayarwa? Tarwaɗa ta sani, karfasa ma wani lokacin, kurungu da bargi kuwa yadda na rubuta haka take barinsu. Shi dai mutumin nan ya tambaye ni labarin bikin kamun kifinmu, na zauna na tsara mishi yadda aka faro shi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara garin nan, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, shekarun duk sun fita lafiya lau, sai Matan Fada, gulbin namu guda ta mayar da shi mata masu rigima, homa ko, ragar da muke kamun kifi da ita, ba ta ma san da ita ba.

To amma wani wurin ba zan ga laifinta ba, shi turancin ne bai da wurin ajiye maganar. Kawu da baffa duk ankul, goggo da inna duk anti, alhali mu a nan ba ɗaya ba ne, ranar aure kowa ya san wa zai karɓi sadaki. Taubashi ta ce kozin, ina wasan ya tafi, ina tsokanar da ake sha a watan cika ciki? Wanda ya fi ci min rai shi ne kara. Wani tsohon kwastoma na rage mishi kuɗi na ce kara na yi maka, ta je ta ce mishi karan dawa. Na zauna ina neman yadda zan faɗa da kaina, ba ragi ba ne kawai, ba tausayi ba ne, ba kuma tsoro ba, ganin idon mutum ne da nauyin tsohuwar hulɗa ya hana ka karɓar abin da yake haƙƙinka, sai da na yi layi huɗu kuma har yanzu ban gamsu ya gane ba. Haka santi, wallahi ban ma gwada ba don kar ta kunyata ni.

Sai Hausarmu ta nan. Ka rubuta yat tahi, ko munka iske shi, ko mi kaka so, take ta rikice, dole sai na koma ina rubuta mata Kananci kafin ta saurare ni, ni Bakabe da furfurata. Wurin yin magana da murya ma haka, in kasuwa ta cika da hayaniya kar ka ɓata lokacinka.

Wanda zai sauke, ya sauke har da fayil ɗin Hausa na cikinta tun yana cikin gari, don in ka shiga ƙauyukan fadama sayen kifi sabis ɗauke wa yake. Kuma duk saƙon da ya shafi bashi ko alkawari ni ƙanena ɗalibi nake ba ya duba kafin in tura.