Galamsai da ragowar magani a kogi: wanne ya fi cutar da kifi?

Hajiya, kin tambaya tsakanin ruwan galamsai (haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba a Gana) da ragowar maganin antibayotik da ke gangarawa kogi, wanne ya fi illa ga kifi, tunda ke sana'arki bandar kifi ce. Tambayar ta yi, domin ɓarnarsu ba iri ɗaya ba ce.

Ta galamsai ido ma ya ishe ki. Duk wanda ya bi ta Dunkwa ya ga kogin Offin ya koma kamar koko, haka ma Pra da Ankobra da Birim. Lakar tana toshe wa kifi wurin numfashi, tana binne ƙwai, tana hana rana kai wa ga tsiron da yake ci. Sannan ga zaiba da ake kama zinariya da ita: ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye shi, ta yi ta taruwa a tsoka. Banda ko suya ba sa fitar da ita, kuma ta fi cutar da ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Na magani kuwa ba ya sauya wa ruwa kama, kuma ba daga daji yake zuwa ba, daga gidajenmu ne. Wanda ya sha kafso, kaso mai yawa yana fita ta fitsari da ƙarfinsa, ya bi kwata ya faɗa rafukan Kumasi irin su Subin ko Aboabo ko Wiwi, su kuma su kai shi kogin Oda. Ga na masu kiwon kaji da ke zuba antibayotik irin tetirasaikilin a ruwan sha, ga na kududdufan kiwon tarwaɗa. Ranar nan bayan ruwan sama na tsaya bakin rafin Aboabo, sai ga katin kafso ja da rawaya maƙale cikin bola, rabinsa ba a ɓalle ba. Raina ya ɓaci, don na san daga ɗakin wani irina ya fito.

A 2019 masana na Jami'ar York ta Ingila sun auna ruwa a wurare 711 cikin ƙasashe 72, suka sami antibayotik a kashi 65 cikin ɗari. Gana na cikin ƙasashen da abin ya fi wuce ƙima, tare da Bangaladash da Kenya da Pakistan da Najeriya.

Babban kifi ba kasafai wannan ke kashe shi ba, ƙwai da 'ya'ya yake taɓawa. A gwaje-gwajen da aka yi da ɗan kifin nan mai zane da ake kira zebra, an ga ƙwai ya yi jinkirin ƙyanƙyashewa, an ga ruwa ya taru gefen zuciya, ƙashin baya ya lanƙwashe, 'yar jakar iskar da ke riƙe shi a ruwa ta ƙi kumbura. Tetirasaikilin yana kama sinadarin da ke gina ƙashi, shi ya sa ma likita ba ya son ba ƙananan yara da masu ciki. Maganin yana kuma kashe ƙwayoyin amfani da ke hanjin kifi, sai narkar da abinci da garkuwar jiki su yi rauni. Gaskiya dai, yawancin gwajin an yi shi ne da maganin da ya fi na kogi yawa. Amma na kogi kullum ake zuba sabo, kuma iri-iri ne a gauraye.

Don haka in kifi kaɗai ake magana, a ganina galamsai ya fi ɓarna nesa ba kusa ba. Inda magani ya fi ba ni tsoro shi ne a kanmu: ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin ruwa mai ɗan magani suna sabawa da shi, su dawo mana ta hannun mai gyaran kifi ko ta latas ɗin da aka yi wa ban-ruwa daga rafin, a sha antibayotik irin filajil ko sifiro a ji shiru.

Ke a wajen sari, Hajiya, ki tambayi daga wane ruwa kifin ya fito. In na kiwo ne, karfasa ko tarwaɗa, ki tambayi yaushe aka daina ba su magani kafin a kwashe, domin maganin kiwo yana da kwanakin jira, galibi a rubuce a jikin ledarsa.