Raptor ko TRX: wace ce giyarta ta fi ƙarko?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya cewa yana tsakanin motoci biyu 'yan tokumbo, Ford F-150 Raptor ta 2018 da Ram 1500 TRX ta 2021, kuma abin da ke ba shi tsoro shi ne giyar otomatik, don ya ji ana cewa ita ce ke fara ba da kai a irin waɗannan manyan akori-kura. Alhaji, ga abin da ke cikin kowacce.

Raptor ta 2018 injin V6 gare ta mai lita 3.5 da turbo biyu, ƙarfin doki 450. Giyarta ita ce 10R80 mai hawa goma, wadda Ford da General Motors suka haɗa hannu suka ƙirƙira, ta fara fitowa a F-150 a 2017. TRX kuwa injin V8 ne mai lita 6.2, ƙarfin doki 702, a jikin mota mai nauyin kusan tan uku. Giyarta 8HP95 ce mai hawa takwas, ƙirar kamfanin ZF na Jamus. A ido sai mutum ya ɗauka ta TRX ce za ta riga mutuwa saboda nauyin da take ɗauka. Ba haka abin yake ba.

Giyar Ford tana da wani rauni sananne wanda aka haife ta da shi. A cikinta akwai kuloci shida, ana kiran su da haruffa daga A zuwa F. Uku daga ciki, wato C da D da F, suna aiki ta wata ganga guda da makanikai ke kira CDF. A tsakiyar gangar an cusa wani bushin mai ramuka, ta nan mai ke bi da ƙarfi ya danna kulocin. Zafi da sanyi na yau da gobe suna sa bushin ɗin ya zame daga mazauninsa. Da zarar ya zame, ramukan sun daina daidaita, zoben roba mai riƙe man ya lalace, mai ya riƙa sulalewa, kulocin ba ya kamawa sosai sai goga. Direba zai fara jin motar tana jinkiri idan ya sa ta a D ko a ribas, sannan ta buga. A kan hanya, wajen canji tsakanin giya ta uku da ta biyar, inji zai yi kuka sama kamar an sa ta a firi, daga baya ta cafke da ƙarfi. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka, faibar kulocin ta ƙone, dattinta ya bi mai ya shiga farantin bawul-bawul da ke rarraba man, gyara ya ninka. Sai a 2022 Ford ta sauya fasalin gangar ta yi wa bushin ɗin baki mai hana shi motsi. Ta 2018 tsohuwar ganga gare ta, sai dai idan an taɓa sauke giyar an canza. Kuma ba gyaran da ake yi daga waje ba ne: dole a sauke giya a wargaza ta.

Amma a yi wa giyar adalci. Ba kowace buguwa ce ganga ba. An tsara 10R80 ta riƙa tsallake hawa, daga ɗaya ta tafi uku, daga uku ta tafi biyar, wannan ba ciwo ba ne. Sannan kwamfutarta tana koyon yadda kulocin ke kamawa, idan abin da ta koya ya rikice sai canji ya yi kaushi. Matakin farko shi ne a sabunta manhajar, a goge abin da ta koya, a yi tuƙin koyo. Idan buguwar ta dawo bayan wannan, sai a duba farantin bawul. Idan ta ƙi, to ganga ce. Wanda ya sauke maka giya kafin ya bi matakai biyun farko bai kyauta maka ba.

Ita 8HP95 ba ta da wani ɓangare guda da aka san yana karyewa haka kawai. Abubuwan kamawa biyar ne a cikinta, kuma danginta sun daɗe a BMW da Range Rover da Jeep Grand Cherokee, don haka an san halinta ciki da waje. Abin da ke kashe ta a TRX hannun mai ita ne. Motar kullum tayoyi huɗu take ja, ba ta da zaɓin tayoyin baya kawai, kuma tana da maɓallin tashi da gudu daga tsaye. Tayoyi ba sa sulɓi, saboda haka duk ƙarfin nan a kan giya da akwatin raba ƙarfi da shaf yake sauka. Wanda ya maida wannan wasan kullum, ko ya ƙara wa injin ƙarfi, shi ne ke ƙona kulocinta. Inda take da tsada shi ne kwamfutarta, wadda ke haɗe da farantin bawul a cikin man giya. Idan ta lalace ba cirewa da sawa ba ne kawai, sai an haɗa sabuwar da motar ta na'ura.

Maganar mai ita ce ta fi damun mu, don a nan ƙasar yawanci ta nan ake yi wa waɗannan giyoyi illa. 10R80 Mercon ULV take sha, mai ne siriri ƙwarai, kuma Mercon LV ba madadinsa ba ne duk da kamannin suna. Tana ɗaukar wajen lita 12 gaba ɗaya, ana auna shi da ɗan gajeren sanda a gefen giyar kusa da salansa, inji na aiki, mai ya yi zafi kusan digiri 96 zuwa 101 a ma'aunin Celsius. Ita ZF sai LifeguardFluid 8 ko na Mopar, wato kamfanin kayan gyaran Ram, mai rubutun giya takwas da tara. Ba ta da sandan awo, ta ramin cikawa ake dubawa, mota a shimfiɗe daidai, zafin mai tsakanin digiri 30 da 50. Filtarta a manne take da kaskon ƙasa, tare ake canza su. Jan man giya na gama-gari da ake zuba wa Corolla kada ya kusanci ko ɗaya.

Littafin Ford ya ce a canza mai a mil 150,000, wato wajen kilomita 240,000, Ram kuma ba ta sa lokacin canji ba. Wannan lissafin ba da zafin Sakkwato ko cunkoson Legas aka yi shi ba. Shawararmu kilomita 50,000 zuwa 60,000, mai da filta, kuma a yi na farko ranar da motar ta iso hannunka tunda ba ka san tarihinta ba. Motocin biyu duka suna nuna zafin giya a allon gaban direba. Ta Ford dama da zafi take aiki, digiri 90 zuwa 100 ba abin tsoro ba ne. Idan ka ga ya doshi 120 a cikin yashi ko wajen jan tirela, ka tsaya ka bar inji yana aiki a P har ya sauka, kada ka kashe.

In dai ƙarkon giya kaɗai ake dubawa, TRX ce gaba, muddin ba a taɓa injinta ba. Raptor ta 2018 ana iya saye, amma a rage kuɗin sauke giya daga farashinta tun wajen ciniki, ko mai sayarwa ya nuna takardar da ta tabbatar an sa sabuwar ganga. Kafin kuɗi ya fita, a tambaya a kasuwannin kayan gyaran mota, Apo ko Ladipo ko Ƙofar Ruwa, a ji wa ke da man da ya dace, wa kuma ke da na'urar da za ta iya magana da kwamfutar motar.

Ranar dubawa ka je da sassafe kafin kowa ya tayar da ita. Taka burki, sa ta a ribas, ka ƙirga: idan ta wuce daƙiƙa biyu ba ta kama ba, akwai magana. Yi tuƙin rabin awa har mai ya yi zafi, da taka totur a hankali da kuma da ƙarfi, don ciwon ganga ya fi bayyana da zafi. A jona na'ura a ga ko an goge lambobin matsala kwanan nan. A ɗebo ɗan mai a farin ƙyalle: ƙaurin ƙuna faiba ce, launin madara kuwa ruwa ya shiga, wanda ba baƙon abu ba ne a motocin gwanjon Amurka da ambaliya ta ci. Ka kuma duba tayoyi, don dukansu da inci 35 suka fito daga kamfani, kuma wadda aka ɗora wa 37 ba tare da gyara lissafin kwamfuta ba ta daɗe tana canza giya a lokacin da bai dace ba.