Catan a gindin dalbejiya, bayan rani guda muna bugawa

Ƙanena da ke karatu a Dutse ne ya zo mana da shi a cikin jan kwali. Sunansa Catan, wani Bajamushe, Klaus Teuber, ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1995. Mu nan ƙauyenmu na wajen Ringim dara muka sani sai ludo, don haka da ya baje shi kan tabarma bayan la'asar, kallon kayan yara na yi masa.

Ashe akwai aiki a ciki. Tsibiri ake haɗawa da filaye 19 masu kusurwa shida: daji, makiyaya, gonar alkama, wurin jan ƙasa, dutsen tama, da hamada guda ɗaya. In aka jefa dayis biyu lambar fili ta fito, duk mai ƙauye a gefensa ya kwashi katin amfanin filin. Katako da tubali su ba ka hanya. Alkama 2 da tama 3 su mayar da ƙauyenka birni. Wanda ya riga kai maki 10 ya ci.

Abin da ya kama zuciyata shi ne cinikin. A dara cin ɗan abokin wasanka kawai kake nema, nan kuwa sai ka lallaɓa shi, domin abin da kake buƙata yana hannunsa. Ranar da Baffa ya zauna da mu, ya tara tumaki fal, babu tubali ko ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tunkiya biyu a tubali guda, ka sallama?" Na ce, "Albarka, Baffa." Sai da ya ƙara ta uku. Ka rantse kasuwar dabbobi ta Maigatari muke.

Inda ka kafa ƙauyen farko, kamar zaɓen gona ne. Wanda ya kama gefen filaye masu lamba 6 da 8, da suka fi yawan fitowa, ya samu fadama, wanda ya faɗa 2 da 12 sai haƙuri. Bakwai kuwa, in ta fito a dayis, ɗan fashi take tasowa, mai kati fiye da 7 a hannu ya zubar da rabi.

Matsalarmu biyu. Mutum huɗu kacal yake ɗauka, alhali majalisarmu ta fi goma, sai an yi layi. Ga iskar hunturu tana kwashe katunan, har muka koma danne su da tsakuwa. Yanzu zaure muke shiga da shi, kuma ni na riga na sa ƙanen nawa ya nemo mana ƙarin da ke ba mutum shida damar bugawa.