Kula mai lita 38 a matsayin mazubin jiƙa tsiro: abin da na gani a shekara biyu

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya dafa giyarsa a gida tun da Shugaba Jimmy Carter ya sanya mata hannu a 1978, da yawa daga cikin masu wannan aiki suna amfani da kular ruwa mai siffar ganga, irin wadda ake kai wa 'yan wasa fili. Ana cire famfonta na roba a sa na ƙarfe, a shimfiɗa rariyar ƙarfe a gindinta, shi ke nan ta zama mazubin da ake jiƙa tsiron sha'ir a ruwan zafi har sitacinsa ya koma sukari. Girma biyu aka fi samu, mai galan 5, wato kusan lita 19, da mai galan 10, kusan lita 38. Na yi aiki da ƙaramar wata takwas, sannan na koma babbar, kuma a kanta nake wannan sharhi.

Kuskuren da na yi tun farko nawa ne, kuma mutane da yawa suna yin sa: na ɗauka tunda lita 19 na giya nake so, kula mai lita 19 ta ishe ni. Ashe nauyin tsiron da za a jiƙa ne yake yanke girman mazubi. Kowane kilo na tsiro yana buƙatar ruwa lita biyu da rabi zuwa uku, shi kansa kuma yana cin wuri kamar kashi biyu cikin uku na lita. Giya matsakaiciya tana cin tsiro kilo 5, wanda idan aka haɗa shi da ruwa lita 15 zai kai lita 18 da 'yan kai, har ya taɓo bakin ƙaramar kula, ba a bar wurin juya muciya ba, balle wurin ƙara ruwan zafi idan jiƙon ya huce. Ranar da na so dafa giya mai ƙarfi da tsiro kilo 9, lissafi ya ba ni lita 33, sai da na raba aikin gida biyu, na shafe yini guda a kansa.

Babbar kula ta kawar da wannan wahala gaba ɗaya. Kilo 9 yana zama cikinta da sauran fili, kuma lokacin ɗauraye dusar tsiron, bayan na tsiyaye ruwan farko mai sukari, ina zuba ruwan ɗaurayar duka a karo ɗaya, in gauraya, in bari ya kwanta, in tace. Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon zafinta. Sinadaran tsiro masu narkar da sitaci suna aiki sosai tsakanin digiri 64 da 69 a ma'aunin Selsiyos, kuma a ɓangaren ƙasa na wannan tazara ana samun giya marar zaƙi, a ɓangaren sama kuma giya mai kauri a baki, don haka digiri biyu ma yana sauya ɗanɗano. Idan na fara ɗumama cikinta da ruwan zafi na minti goma, na cika ta fiye da rabi, na lulluɓe murfin da bargo, abin da take rasawa a awa guda bai wuce digiri ɗaya ba.

Girman yana da nasa cikas, kuma ya kamata mai saye ya san shi. Duk lokacin da na jiƙa tsiro kilo 2 ko 3 don gwaji, iskar da ke saman jiƙon tana shanye zafi da sauri, dusar kuma ba ta yin tudun da zai tace ruwan da kyau, sai ya fito da gurɓi. Wanda ba ya wuce lita 10 a dahuwa ɗaya, ƙaramar ta fi masa amfani, kuma ba zan ba shi shawarar babbar ba ko da farashinsu ɗaya ne.

Na gwada ta da tsiron dawa, saboda da shi na taso ina ganin ana yin burukutu da kunun tsiro, kuma masana'antun giya na Najeriya ma sun rungume shi bayan hana shigo da sha'ir a 1988. A nan kula ba ta wadatar ita kaɗai, domin sitacin dawa ba ya nuna sai a zafin da ke kashe sinadaran tsiron. Dole a tsiyaye ruwan saman jiƙon a ajiye, a dafa ƙullun a tukunya, sannan a sake haɗa su a kular, kuma wannan kai da komo shi ma yana son mazubi mai fili.

Mai dafa lita 19 zuwa 23 ya sayi mai lita 38 tun farko. Sai dai ya ɗora ta a kan tebur mai ƙarfi, sama da bakin tukunyar dahuwa yadda ruwan zai gangara cikinta da kansa, kafin ya zuba komai, domin tsiro kilo 9 da ruwansa sun kai kilo 36, kuma ɗaga wannan nauyi da ruwan zafi a ciki haɗari ne.