Shagon turi a Tudun Wada da fassarar tarihin Mari Antuwanet: ku je, amma ku duba kashi na huɗu

Masu tambaya ta inbos a ina na samu fassarar tarihin gimbiyar Turawan nan, to a wani shagon turi ne a Tudun Wadan Zariya, ba nisa da Kongo. Ba zan kama sunan shagon ba sbd akwai ƙorafi a cikin maganata kuma yaron da ke wurin mutumin kirki ne wlh. Kashi huɗu ne, naira 500 duka, ka ba da waya ko memori ya tura maka.

Shagon ɗan ƙarami ne, kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, wayoyin mutane jibge a kan tebur kowacce an manna mata takarda da sunan mai ita don kar a yi musaya, shi kuma yana ta ja da linzami yana amsa mutum uku a lokaci guda. Ko NEPA sun ɗauke yana da sola, ba a jira. Da na ce tarihi nake so ba fim ɗin Indiya ba sai ya ce "Anti akwai na wata sarauniya da aka yi wa auren dole, mata na son shi sosai", ya buɗe min ya nuna hoton fes yake, sauti ma ba laifi.

Kashi na ɗaya da na biyu su kaɗai sun biya kuɗin. Nan ne aka nuna yadda auren ya faro, kuma babu wani zancen so a ciki, ciniki ne tsakanin ƙasashe biyu. Ostiriya da Faransa sun daɗe suna gaba, a 1756 suka ƙulla ƙawance, sai aka ga a ɗaure abin da aure. Uwar yarinyar, Mariya Tereza mai mulkin Ostiriya, 'ya'ya 16 ta haifa, Mari Antuwanet ce ta 15, an haife ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1755. Matar nan 'ya'yanta mata ta riƙa rabawa gidajen sarauta, har akwai wadda aka yi wa baiko da sarkin Naples ciwon agana ya kashe ta a 1767, ba a ɓata lokaci ba aka maye gurbinta da ƙanwarta Mariya Karolina, ango dai bai canza ba. To ita auta a mata sai aka ware ta wa Luwi, jikan sarkin Faransa mai jiran gado. Kafin a kai ta sai da aka turo malami daga Faransa ya gyara mata harshe, aka gyara mata haƙora, aka canza mata gyaran gashi.

An ɗaura aure a Biyana ranar 19 ga Afrilu 1770 ango baya nan, yayanta Fadinand ne ya tsaya a madadinsa, tana shekara 14 ango yana 15, ba su taɓa ganin juna ba. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne miƙa amarya, a wani tsibiri cikin kogin Rhine kusa da Strasbourg aka gina rumfa ta musamman, ta shiga ta ƙofar Ostiriya da mutanenta, aka cire mata kayan gida aka sa mata na Faransa, ta fita ta ɗaya ƙofar, 'yan rakiya suka juya. Mu a nan ko Kano aka kai yarinya ai gwaggo za ta kwana biyu, a zo ganin ɗaki, ta zo wankan gida in ta haihu, ita kuwa tun daga ranar ba ta sake saka uwarta a ido ba har uwar ta rasu a 1780. Wasiƙa ce kawai, ita ma rabinta faɗa ne, sbd jakadan Ostiriya a Faransa yana rubuta wa uwar duk motsin da yarinyar ta yi a asirce.

Sai zaman fadar Versailles, inda saka riga ma sai an bi tsarin waye ya fi girma da zai miƙa mata, ga dadiron sarki kakan mijinta, Madam du Bari, da ta ƙi yi wa magana har abin ya zama matsalar siyasa, sai ranar farko ta shekarar 1772 ta buɗe baki ta ce mata jimla ɗaya tak. Ga gorin haihuwa, shekara bakwai miji bai kusance ta yadda ya kamata ba amma ita ake zagi, sai da yayanta Yusuf na biyu ya zo takanas a 1777 ya yi wa mijin magana. Ta haihu a Disamba 1778, ɗaki cike da jama'a suna kallo don al'adar fadar kenan, har ta suma, kuma da aka ga mace ce murna ta ragu.

Inda na fara jin haushi shi ne mai fassarar. Muryarsa mai daɗi, Hausarsa tsaf, amma mutumin baya iya yin shiru, ana nuna yarinya tana kuka a keken doki shi yana cewa "amarya ba kya laifi" yana dariya, duk ya kashe wurin. Sannan a kashi na uku ya shigo da maganar nan wai da aka ce mata talakawa ba su da burodi ta ce su ci kek, ya maimaita ta ya fi a ƙirga kaman yana wurin. Babu hujjar ta faɗi haka, labarin yana rubuce tun tana ƙaramar yarinya a gidan ubanta, daga baya aka liƙa mata. Ba wai ina wanke ta ba ne, ta yi caca, ta kashe kuɗi a sutura da gyaran gidan shaƙatawarta lokacin da mutane ke yunwa, kuma da juyin juya hali ya zo a 1789 ta nemi taimakon danginta a ɓoye. Amma bashin da ya karya Faransa akwai kuɗin yaƙin da suka taya Amurka yi da Ingila a ciki, ba rigunanta kaɗai ba, shi kuwa mai fassara ya ɗora mata komai kaman yadda Faransawan lokacin suka yi, da har ta mutu "'yar Ostiriya" suke ce mata.

Babban ƙorafina kashi na huɗu. Ana tsaka da gudun da suka yi ita da mijinta Luwi, wanda lokacin shi ne sarki, a Yunin 1791, an tare su a garin Varennes, kawai abu ya yanke, baƙin allo. Na koma shagon ya buɗe nasa, nan ma haka, ya ce "wlh Anti haka ya zo mana", ya so ya mayar min da kuɗin kashi ɗaya na ce ya bari, ya ƙara min wani tarihin kyauta. Ga waɗanda suka riga suka saya suna ta tambaya ya aka ƙare: an fille kan Luwi ranar 21 ga Janairu 1793, ita kuma 16 ga Oktoba na shekarar tana da shekara 37, ɗanta ya mutu a kurkuku a 1795, babbar 'yar ce kawai ta tsira a cikin 'ya'yanta huɗu.

In za ku je ku tafi da safe, bayan la'asar ɗalibai sun cika wurin sai ka yi ta tsayuwa. Ku tafi da memori maimakon barin waya, kuma ku sa ya ja kashi na huɗu har ƙarshe a gabanku kafin ku biya, ya ce yana neman cikakken.