Shafin NASA na bin sawun gobarar daji: abin da zai yi wa mutumin Kano da abin da ba zai yi ba

Idan so kake ka san inda daji ya ci wuta jiya ko ɗazu da rana, ko a wace ƙasa ce, ban ga abin kyauta da ya kama ƙafar FIRMS ba. Idan kuwa so kake a tashe ka cikin dare a ce wuta ta doso rumbunka, nemi wani abin daban, wannan ba aikinsa ba ne.

FIRMS shafin intanet ne na hukumar NASA ta Amurka. Ba sai ka sauke manhaja ba, ba rajista, ba ko kwabo. Da ka buɗe, taswirar duniya ce za ta fito da jajayen ɗigo a warwatse, kowane ɗigo wuri ne da tauraron ɗan'adam ya tsinkayi zafin da ya wuce ƙa'ida sa'ad da ya gifta ta samansa. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare da ke Gwale, kuma saboda aji na fara shiga. Wanda ya mai da ni ɗan aiken shafin shi ne yayana. Yana zaune a Ɗorayi, gonarsa ta masara tana can Doguwa, dab da dajin Falgore, kuma kara da harawa kan kai watan Janairu a jibge kafin a kwashe.

Wanda ya fara buɗe shi a watan Disamba sai ya yi salati. Wani jan ɗamara ne zai gani tun daga Gini, ya ratsa tsakiyar Najeriya da Afirka ta Tsakiya har Sudan ta Kudu. Ya dawo a watan Yuli, ɗamarar ta sauka Angola da Zambiya da kudancin Kongo, domin a lokacin ne suke ranin nasu. Fiye da rabin filin da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka yake. Sai dai kada jan ya ruɗe ka. Daga nesa ɗigon suna hawa kan juna, sai ka ɗauka nahiyar ce ke ci gaba ɗaya. Matso da taswirar ka ga sun rabu: manomi ne ke sharar gona, makiyayi ne ke neman sabon toho, mafarauta ne suka bi gafiya. Wutar tamu ƙanana ce masu yawa, kuma akasari hannu ne ya kunna ta.

Na'urori biyu ne ke kawo yawancin ɗigon. Akwai MODIS, wadda ke kan taurari biyu, Terra da aka harba a 1999 da Aqua a 2002. Ɗigonta ɗaya yana wakiltar murabba'i mai faɗin kilomita guda. Akwai VIIRS, wadda ta fi ta ido, mita 375. Shawarata ga mai gona ita ce ya kashe ta farkon ya bar ta biyun. Ɗigo kuma ba ya nufin duk murabba'in ya ƙone, wuta ce dai a wani wuri a cikinsa. In ka taɓa shi zai ba ka lokacin da aka gan ta da ƙarfinta. Shi lokacin da agogon GMT yake, sai ka ƙara awa ɗaya.

Wannan lokacin shi ne abin lura. Taurarin ba sa tsayawa a kanmu, wucewa suke yi, masu ɗauke da VIIRS wajen ɗaya da rabi na rana da ɗaya da rabi na dare, sannan bayanin na iya ɗaukar har awa uku kafin ya hau shafin. Akwai wasu taurarin da ke zaune wuri ɗaya suna leƙe a kai a kai, amma idonsu bai kai ya kama ƙaramar wuta ba. Gajimare ma yana rufe su, haka hayaƙi mai kauri.

Wani dare cikin hunturu, bayan isha'i, Yaya ya kira ni. Wani direban da ya taso daga Jos ne ya ce masa ya hango wuta ta wajen Falgore.

"Malam, duba mana abin nan naka."

"Yaya, akwai ɗigo uku yamma da ku. Amma tun azahar aka gan su."

"To yanzu tana ina?"

"Wannan sai Allah, sai kuma mai gadi."

Ya kashe waya ya kira mai gadin. Ashe tuni mutumin da 'ya'yansa sun share ciyawa kewaye da jibgin karan, sun bar ƙasa tsirara faɗin taku da yawa, kuma wutar ta mutu a bakin wani rafi tun kafin magariba. Abin da shafin ya ba mu shi ne ta wane gefe za a sa ido. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke tafiyar sa'o'i daga gonarsa, amma iyakarsa ke nan.

A cikin gari kuwa ba shi da wani amfani, gara in faɗa kai tsaye. Gobarar da ke hana ɗan Kano barci ta kasuwa ce, irin wadda ta cinye Sabon Gari a 2016. Tana tashi ne a cikin shago, ƙarƙashin rufin kwano, sau da yawa in an dawo da lantarki cikin dare. Kafin zafinta ya kai tauraro ya gani, in ma ya zo wucewa, layi guda ya tafi. Nan lambar 'yan kwana-kwana a waya ta fi kowace taswira. Wani abin da ɗalibaina kan tambaya shi ne ɗigon Neja Dalta da ba sa mutuwa rani da damina. Ba daji ba ne, iskar gas ce kamfanonin mai ke ƙonawa, shi kuwa tauraro zafi kawai ya sani.

Ban gane abin da FIRMS ya rasa ba sosai sai da na ajiye shi gefe da gefe da wani. A ranar 7 ga Janairu, 2025, gobarar Palisades da ta Eaton suka tashi a Los Anjeles, busasshiyar iskar Santa Ana tana hura su. Ɗan gwaggona yana tuƙi a can, ita kuma Gwaggo tana Mandawari, hankali a tashe, ga tazarar awa tara tsakaninmu da su: in ta idar da asuba, su ko kwanciya ba su yi ba. Ɗan nata ne ya ce in buɗe manhajar Watch Duty, wadda a makon kowa a garin yake dubawa.

Watch Duty ba ta gwamnati ba ce. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, ta fara a 2021 a yankin Sonoma na Kalifoniya, kuma ƙashin bayanta mutane ne: 'yan sa-kai, cikinsu har da tsofaffin 'yan kwana-kwana, waɗanda ke zaune dare da rana suna sauraron rediyon masu kashe gobara, su tantance, sannan su rubuta. FIRMS ya nuna min tarin ja a kan duwatsu. Watch Duty ta nuna min iyakar wutar, da unguwannin da aka ce kowa ya fita, da waɗanda aka ce su ɗaure kaya su jira, da inda iska ta nufa, da wuraren da aka buɗe wa masu gudu. Kowane saƙo gajere ne, da lokacinsa a jiki. Ba talla, ba surutu. Da ita na iya ce wa Gwaggo unguwar ɗanta ba ta cikin ko ɗaya daga cikin rukunin unguwannin nan biyu, ta samu ta ci abinci.

Akwai wani adadi da ke jikin kowace gobara a can, kuma shi ya fi ba mu wahala. Ranar da na Palisades ya nuna kashi 11 cikin ɗari, Gwaggo ta ce, "Kai, ɗan nan, kwana nawa suna fama, ɗan abin da suka kashe ke nan?" Na ce mata ba lissafin abin da aka kashe ba ne. Lissafin kewaye ne: daga cikin duk gefen wutar, nawa ne aka yi wa shingen da ake da tabbacin ba za ta tsallake ba. Shingen kuwa ba wani abin mamaki ba ne, aikin mai gadin Yaya ne aka faɗaɗa: ayarin mutane da gatari da shebur da zarto mai inji, katafila a inda za ta iya hawa, suna kankare ciyawa da itace har sai ƙasa ta fito. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai ɗaruruwan fursunonin jihar Kalifoniya, akwai kuma waɗanda Meziko ta turo.

Jiragen sama su ne ke cin hoto, amma taimako suke yi wa na ƙasa. Wasu jirage rawaye da aka aro daga Kanada suna shafar teku su ɗebi kusan lita 6,000 a tashi ɗaya. Jan ruwan da wasu ke fesawa sinadari ne dangin takin zamani, an sa masa launi don matuƙi ya ga inda ya riga ya zuba, kuma gaban wutar ake zuba shi don ya rage mata gudu. A daren farko iska ta yi ƙarfin da dole aka saukar da jiragen duka, kuma kafin gari ya waye famfunan kashe gobara na saman tudun Palisades sun ƙafe, saboda an zuƙe tankunan da ke ba su ruwa. Bayan kwana biyu wani ɗan ƙaramin jirgi mara matuƙi na mai son ɗaukar hoto ya huda fiffiken ɗaya daga cikin rawayen, ya zaunar da shi kwanaki. Sai ranar 31 ga watan aka gama kewaye gobarar biyu. Gine-gine kimanin 16,000 sun tafi, mutane wajen 30 sun rasu.

Watch Duty ba ta aiki a Najeriya, kuma ko an kawo ta gobe ba ta da abin saurare, tunda ƙarfinta daga buɗaɗɗen rediyon jami'ai da sanarwar hukumomi yake. Ga ɗan Kano, amfaninta shi ne in yana da nasa a Amurka. Ana iya buɗe ta a burauza kyauta. Akwai mataki na biya mai nuna zirga-zirgar jirage, ba ka buƙatarsa.

A aji kuwa FIRMS ne sarki, saboda yana da ajiya. Kana iya komawa baya a kalandarsa, bayanan MODIS sun faro tun shekarar 2000. Nakan kai yara Kanada ta 2023, inda kimanin hekta miliyan 15 ta ƙone, wato sama da jihar Kano bakwai. In ka kunna hoton tauraro na ainihi a ƙarƙashin ɗigon, za ka ga hayaƙin ya miƙe ya tsallaka iyaka zuwa Amurka. Daga nan in dawo da su Falgore, mu bi wata-wata, su ga da idonsu yadda ja ke shigowa bayan kaka, ya ɓace da saukar damina.

Abin da zan rage masa maki a kai: da Turanci yake, maɓallansa sun yi ƙanana a waya, kuma taswirar tana shan data, musamman in ka kunna hoton tauraro. A kwamfuta ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Yana da tsarin aiko da imel kyauta: ka zana yankin da kake so, ka zaɓi ko nan take ko sau ɗaya a rana ko a mako. Zana yankin ya ɗan fi gonarka faɗi, amma kada ka haɗa da dajin gaba ɗaya, in ba haka ba daga Nuwamba akwatinka ba zai huta ba. Kafin komai kuma, ranar da ka je gona, tsaya a tsakiyarta ka ɗauki lambobin wurin da wayarka ka ajiye. Ƙananan ƙauyukan Doguwa ba duka ke da suna a taswirar ba, kuma daga sama gonar masara da ta maƙwabci kamarsu ɗaya.